Sai Ta Haihu Takwas

Shekara goma sha huɗu ke nan, a irin wannan wata na tsakiyar damina, da muka ɗauki Yaya Haruna daga gidanmu na New Bell muka kai shi makwancinsa. Ana ruwa ranar, irin ruwan Douala da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, har sai da masu haƙa suka riƙa kwarfe kabarin da bokiti. Waɗanda suka san kasuwar kara ta Bonabéri a wancan lokaci za su tuna shi da sunan Haruna Mai Guzuma. Da tsokana aka laƙaba masa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ta kai in ba ka ce Mai Guzuma ba, ba a gane Harunan da kake nufi. Ni ƙaninsa ne, ciki ɗaya, shekara tara tsakaninmu. Kowace shekara in wannan wata ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki alƙalami in ajiye, domin ba yadda za a yi in ba da labarinsa ban tona wa kaina asiri ba. To, an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma bana wurin ɓuya ya ƙare mini.

Fataucin goro ne ya kawo mahaifinmu daga ƙasar Katsina, ya ga wuri ya zauna, aka haife mu a nan. Ni aka sa makarantar boko, na ƙare a tashar jiragen ruwa ina cike takardun fitar da kaya, shi ya sa Yaya bai taɓa kirana da sunana ba, sai Musye, yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci. Shi kuwa tun yana matashi ya bi dillalan shanu har ya zama ɗaya daga cikinsu. Wanda bai san garin nan ba sai in gaya masa, Douala wuri ne da saniya ke zuwa ta mutu. Daga Ngaundere ake lodo su a jirgin ƙasa da manyan motoci, a sauke, a yi ciniki, a wuce da su abatuwa, wato mayanka. Ba mai kiwon tatsa a nan. Ga zafi, ga laima, ga tsando, ga kaska, ga kirci da ke cin fatar dabba duk damina. Madarar da muke sha ta gari ce, a buhu take zuwa daga ƙetare, ni ma da hannuna na sha cike mata takarda. A irin wannan gari ne yayana ya ce shi garken tatsa zai yi.

Yadda ya fara shi ya jawo masa sunan. In an sauke shanu, sauran dillalai kan ruga wajen masu ƙiba da tozo, shi sai ya zagaya baya, inda ake ware tsofaffin mata da makiyaya suka gaji da su. Zai kama ƙaho ya bi shi da babban yatsa, domin kowace haihuwa takan bar zobe a ƙahon saniya, mai ido yana iya ƙirgawa. Ya buɗe baki ya duba haƙora. Ya tsuguna ya taɓa hantsa, ya ja kan nonon ɗaya bayan ɗaya ya ga ko duka huɗun suna da rai. In zobe ya kai bakwai ko takwas, nono lafiya, ya kuma ji alamar ciki, sai ya saye ta a kuɗin nama, ya koro ta gaba mahauta na ƙyaƙyata masa dariya. Abin da yakan ce shi ne, saniyar da ta haihu takwas a daji, ta yi kwana uku a tsaye cikin tarago, ta sauko da ƙafarta, ba ta gama magana ba tukuna.

Ya samu wani fili can bayan Grand Hangar, a bakin fadama, wani dattijo ɗan ƙasa ya ba shi aro da baki, ba takarda. Nan ya kafa turaku. Kada mai karatu ya ɗauka abin ya zo da sauƙi, shanun da ya binne a filin nan sun fi waɗanda ya tatsa yawa. Tsofaffin sukan haihu sau ɗaya ko biyu su mutu, 'ya'yan kuma ciwon kurmi ya tankaɗe su ya kwashi na kwasa. Waɗanda suka tsira su ne jarinsa. A kansu ya kafa dokar da duk gidanmu muka haddace kamar karatun allo: ba ya barin maraƙi ya zama bijimin garke sai uwarsa ta haihu takwas a filin nan, nononta huɗu na aiki. Duk namijin da aka haifa kafin haka, komai kyansa, dandaƙa ce ko kasuwa. Kafin a samu wanda ya cika sharaɗi, aron bijimi yake yi a kara, yana yi yana tsaki.

Hujjarsa mai sauƙi ce. Karsana takan yi shekara huɗu tana ci kafin ta ba ka ko cokali ɗaya. Haihuwar fari da ta biyu, abin da ta ci take mayarwa. Daga ta uku zuwa sama ne saniya ke zama taka. Saboda haka tambayar lita nawa take bayarwa yau, a wurinsa tambayar baƙo ce, mai gida shekara nawa yake tambaya. Ni kuwa gani nake duk ƙauyanci ne. Nakan kawo masa mujallun da nake samu wajen ma'aikatan jirgi, masu hotunan shanun Turai, baƙi da fari, hantsa kamar ta taɓa ƙasa, in karanta masa Faransanci in fassara, in ce guda ɗaya a cikinsu ta fi garkensa duka. Yakan karɓi mujallar ya daɗe yana kallo, don shi yana son saniya ko ta wace ƙasa ce. Wata rana ya miƙo mini ya ce, "Musye, duk 'yan mata ne. Ka taɓa ganin hoton tsohuwarsu?" Na yi dariya na ce wa zai ɓata takarda a kan tsohuwa. Ya ce to.

Madarar kan iso New Bell da hantsi a bayan babur, cikin jarka biyu, ta faɗa hannun matarsa, Adda Dudu, Bafulatanar Banyo, ita ke kwantar da ita ta zama kosam, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa kindirmo. Kosam ɗin Adda ba ya zuwa kasuwa, kasuwa ke zuwa masa. Tsofaffin unguwa, mata masu ciki, har kukun wasu gidaje na Bonapriso, unguwar masu kuɗi, duk a ƙofarmu suke tsayawa da kwanoninsu. Ni da ita kuwa wasa ne tsakaninmu, irin na ƙanin miji da matar wa. Ƙaramin miji take ce mini, ta ce da ni ta aura da yanzu miyar takarda take sha, ni kuma in ce ai sadakinta guzuma ce mai ido ɗaya. Ba ranar da za mu haɗu a tsakar gida ba mu taɓa wannan ba.

A shekara ashirin da shida da Yaya ya yi a filin nan, saniya biyu kacal suka cika takwas. Ta farko, bayan ta cika, mata ta yi ta zubawa har ta mutu. Ta biyu ita ce Goshi, ja mai farin goshi, haifaffiyar filin, 'yar wata guzuma da ya ƙwato daga bakin wuƙa. A ta takwas ta haifi mace, a ta tara ta haifi namiji. Ranar Yaya ya shigo gida da taɓo har gwiwa, ya je masallacin unguwa ya raba goro, mutane na ta yi masa barka suna tambayar yaushe suna. Ɗan Goshi ya tashi jawur, dogo, tozo a tsaye. Yaya bai bari ya hau ko saniya ɗaya ba, yana jira ya cika shekara uku ƙashinsa ya yi ƙwari. Saura wata huɗu, Yaya ya yanke jiki ya faɗi a kara. Ya yi kwana uku a asibiti bai yi magana ba, ya cika. Bai bar wasiyya a kan bijimin ba, ina jin ya ɗauka abin da kowa ya sani ba ya buƙatar wasiyya.

Yanzu na zo inda nake ta kewayewa. Da sadakar arba'in ta matso, ni ne babba a gida. Ɗansa Bashiru bai wuce shekara ashirin ba, Adda tana takaba ba ta fita. Dattawan unguwa suka ce tunda mamacin mai shanu ne sai a yanka ɗaya daga garke, wani ya ce a duba cikin tsofaffin. Maganar ta soke ni. Na tuna shekarun da mahauta suka yi suna masa dariya, na ce a raina, wato har a sadakarsa sai an ci naman guzuma, a tauna a kasa haɗiyewa, a fita ana cewa Mai Guzuma ya tafi da halinsa? Na rantse sai na rufe bakin New Bell da naman da ba su taɓa ci ba. Ina son yayana, Allah ya sani, kuma son ne ya haɗu da girman kai suka kai ni filin. Akwai na uku da ban gaya wa kowa ba. Na riga na yi magana da wani likitan dabbobi, ya ce yanzu ba dole sai da bijimi ba, irin shanun Turai na zuwa a daskare cikin tulun ƙarfe, a yi wa saniya allura ta ɗauki ciki. To me za a yi da ƙaton sa yana cin dusa a banza?

Na nuna Ɗan Goshi. Makiyayin da ke kula da garken, wani dattijon Bororo marar yawan magana, ya dube ni ya ce, "Wannan?" Na ce wannan. Ya kwance igiyar ya miƙa mini, bai taya mu kayar da shi ba.

An ci nama ranar. An yi addu'a, an yaba, wani mahauci da ya fi kowa yi wa Yaya dariya ya kama hannuna ya ce na fitar da ɗan'uwana kunya. Ina cikin jin daɗin wannan na shiga cikin gida neman ƙarin faranti. Mata sun ajiye kan bijimin a baho kusa da famfo za a babbake. Adda ta fito daga ɗaki za ta yi alwala, ta tsaya a kansa. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo.

"Malam Isa," ta ce, "wa ka tambaya?"

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Na fara bayani, girmamawa ce, mutuncin gida ne, ga kuma maganar likita. Ta bari na gama.

"Shekara ashirin da shida ka dafa wa mutane da shinkafa," ta ce. Ta ɗauki butarta ta wuce.

Daga ranar wasa ya mutu tsakaninmu. Tana gaishe ni, tana aiko mini da abinci in matata ba ta da lafiya, amma ƙaramin miji bai sake fitowa daga bakinta ba. Da aka zo rabon gado aka tambaye ta abin da take so a tumunin takabarta, ta ce 'yar maraƙar da Goshi ke shayarwa, ƙanwar wanda aka yanka, ita kaɗai. Malamin da ke rabon ya ce haƙƙinta ya fi haka, ta ce ta bar wa 'ya'yanta sauran. Ta sa mata suna Auta.

Sauran garken ya zauna a hannuna da sunan riƙo, na shiga aikin da na daɗe ina mafarki. A yi adalci, da farko abin ya yi kyau. 'Ya'yan allura na farko, rabi namu rabi na Turai, da suka haihu sai jarka biyu ta koma shida. Na sayi firiji, na sa aka rubuta allo a ƙofar gida, na riƙa tafiya a babbar kasuwa, Marché Central, kamar ni na ƙirƙiro saniya. Sai dai waɗannan ba sa ƙoshi da ciyawar fadama, sai dusa da angurya, don haka na riƙa sayar da tsofaffin ina ciyar da sababbi. Goshi ma ta bi layi, da haihuwa goma sha biyu a ƙahonta, nononta huɗu na zuba. Likitan ya gargaɗe ni, ya ce in tsaya a rabi, kada in sake yi wa 'ya'yan allura, garin nan ba tsaunukan Bamenda ba ne masu sanyi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na ga shida, sai na hango goma sha biyu, na sa ya yi.

Jikokin suka fito baƙi da fari, kamar an ciro su daga mujallata. A haihuwar fari madara har muna rasa mazubi. Amma da rana ta take sai ka gan su a inuwa baki buɗe, harshe a waje, suna haki. Damina ta farko kirci ya kama bayansu, kofato ya ruɓe a taɓo. A haihuwa ta biyu hantsa ta fara sandarewa, yau nono ɗaya ya mutu, wata mai zuwa na biyu. Ciki na uku kuwa sai a yi allura sau uku, sau huɗu, shiru. Iyayensu 'yan rabi sun ɗan fi su juriya, su ma ba wadda ta wuce biyar. Cikin jikokin ba wadda ta ga haihuwa ta huɗu. Ɗaya bayan ɗaya na raka su abatuwa da ƙuruciyarsu, a shekarun da saniyar Yaya ke fara zama saniya. Ba laifin shanun ba ne, bayin Allah, an kawo su inda ba nasu ba. Ba laifin likita ba ne, ya faɗa, wanda ya ƙi ji kuwa ba ya ƙi gani ba. Sai a lokacin tambayar da Yaya ya yi mini a kan mujalla ta iso kunnena. Da na so komawa baya na tarar ba bayan, tsofaffin na sayar, bijimin na dafa.

Duk wannan hawa da sauka Auta na gefe a turkenta, Adda ta hana allura ta taɓa ta. Bayan makiyayin ya koma arewa, ita da kanta ke hawa taksi ta ƙetare gadar kogin Wouri zuwa filin kullum bayan sallar asuba, mace mai jikoki, ta tatsa ta dawo. Lita uku, wata rana uku da rabi. In ciki ya tsufa nono ya ɗauke, a jira, in ta haihu a ci gaba. Lokacin da nake da jarka shida nakan wuce ta ina kau da kai don kada ta ga murmushina. Yau shekara huɗu ke nan lita ukun nan su kaɗai ne madarar saniya da ke shiga gidanmu. Mazan da Auta ta haifa an sayar da su bisa doka. Matan uku ne, kurmi ya ci biyu, ta ukun ɓarayi suka kwance.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce in ya leƙo yau. Kosam ya cika New Bell, kowace kusurwa da mai kular ƙanƙara da 'yan robobi, amma duk na gari ne, a dama da ruwa a zuba sukari. Adda ma da shi take riƙe gida. Na Auta takan ware a ƙaramar ƙwarya saboda tsofaffi huɗu ko biyar da suka rage cikin masu zuwa da kwano tun zamanin Yaya. Kwanan baya na ba jikata ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta ce warin saniya yake yi. Ban yi mata faɗa ba, gaskiya ta faɗa, ba ta dai san a da wannan warin ake bin layi a saya ba. A kara kuwa yanzu samari ne da waya a hannu, suna nuna wa juna hotunan shanun da ake tatsa da inji, kowa lita yake ambata. Ba na jin Yaya zai yi musu faɗa. Zai tsaya ya kalla tare da su, ya yaba, ya yi tambayarsa guda, su yi masa dariyar da na yi masa. Abin da ban sani ba shi ne abin da zai ce da ni. Shi ba mai faɗa ba ne, kuma wannan ya fi damuna, don da zai zage ni da na samu sauƙi.

A farkon shekarar nan wayata ta yi ƙara da hantsi, na ga sunan Adda, wadda ba ta kirana sai an yi rasuwa. Na ɗaga. Ta ce, "Takwas. Namiji ne." Ta kashe. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Na san ba Ɗan Goshi ba ne, ubansa bijimin aro ne daga kara, ba wanda ya san asalinsa. Amma uwarsa Auta ta cika takwas a filin nan, kakarsa ta yi sha biyu, uwar kakarsa ta sauko daga tarago da ƙafarta. Bisa dokar Yaya wannan ba na dandaƙa ba ne, ba na kasuwa ba. Shi ne na biyu da ya cika sharaɗi cikin shekara arba'in.

Sai dai ya zo a makare. Dattijon da ya ba da aron filin ya daɗe da rasuwa, gari ya cim ma wurin, an cike fadamar da ƙasa, gidajen bulo da ɗakunan ajiyar kaya sun kewaye turken ta kowane gefe. Magadansa sun yi haƙuri da mu fiye da yadda za mu yi da wani, amma bana sun sayar, aka ce mu tashi kafin ƙarshen watan nan. Ba su zalunce mu ba, filinsu ne. Bijimi kuma ba kaza ba ne da za ka kife a kwando. Yana son garke, yana son fili, yana son mutumin da zai jira 'ya'yansa mata su girma su haihu takwas kafin a san ko an dace, shekara goma sha biyar ke nan a ƙalla. Ni ina da sittin da tara, ga ciwon suga, Adda kuma gwiwoyinta sun fara ƙin hawa taksi.

Na fara da Bashiru, don ɗa ya fi kowa haƙƙi. Benskin yake tuƙawa, babur ɗin haya, yana da 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu. Ya saurare ni da ladabi, hular kwanonsa a cinya, sannan ya ce, "Baffa, pardon, ina zan kai shi? A bayan moto zan ɗaure shi? Wannan affaire ɗin ta ƙare tun ranar da Baba ya tafi. C'est fini, Baffa, ku huta." Ban ga laifinsa ba, ni na ƙarar da garken da zai gada. Na bi alhazan da na ji suna da gonakin shanu a arewa, na sha shayi a shago shida a Marché Central. Kowa tambaya ɗaya, lita nawa uwar ke bayarwa? In na ce uku, amma shekara goma tana bayarwa, sai a yi murmushi a ƙara mini shayi. Mahauta kaɗai suka nuna sha'awa, suka ce in an turke shi zuwa Babbar Salla zai yi kyau.

A ƙarshe Adda ta kira ɗan wanta, Hamadu, da ke kiwo a gefen Banyo, ta ce kyauta ce, sharaɗi ɗaya, kada a dandaƙe kada a sayar. Ya ce in Allah ya yarda. Hamadu mutumin kirki ne, amma mai iyali ne, kuma kowane rani sai ya sayar da wasu shanun kafin ya iya ciyar da wasu. Talatar da ta wuce muka ɗora maraƙin, ɗan wata bakwai, a wata babbar mota da ta sauke shanu za ta koma da gishiri da siminti. Direban ya yi ta dariya, ya ce shekara ashirin yana bin hanyar nan bai taɓa ɗaukar saniya daga Douala zuwa arewa ba, ko ɗan laifi ya yi aka kore shi? Na ba shi na goro, na roƙe shi ya riƙa ba shi ruwa. Adda ba ta zo tasha ba.

Washegari na raka ta filin, karo na farko cikin shekaru. Shanunmu ba sa sakin nono sai ɗan yana gefe, ya fara tsotsa a janye shi. Adda ta fi ni sanin haka, amma ta ɗaure ƙafafun Auta, ta tsuguna, ta riƙe ƙwarya tsakanin gwiwoyinta kamar kullum. Auta na ta kuka tana kallon hanya. Adda ta ja, ta ja, abin da ya fito bai rufe gindin ƙwaryar ba. Ta tashi da ƙyar ta kwance igiyar, ta miƙo mini ƙwaryar ta ce, "Shanye, ba a zubar da nono." Kurɓa ɗaya ce, da ɗuminta. A taksi ba wanda ya yi maganar abin da za a yi da Auta kafin ƙarshen wata, don mu biyun mun sani, abatuwa ce. Da yamma ta aika aka gaya wa tsofaffin nan kada su ƙara zuwa da kwano.

To me ya rage na Haruna Mai Guzuma bayan shekara goma sha huɗu? Ina so in ce iliminsa ya rage, amma ilimin da ba wanda zai yi aiki da shi labari ne kawai. Abin da ya sani yana buƙatar haƙurin da ya fi ran mutum ɗaya tsawo, a fara a miƙa wa na baya, na bayan ya riƙe kada ya yi wayo. Shi ya yi nasa. An ce inda saniyar gaba ta sha ruwa nan ta baya ke sha, ni na zo na tarar da ruwan na ce bai yi mini ba. Ina jin kunyar wannan kullum, ba ranar zagayowar rasuwarsa kaɗai ba. Filin an fara sauke masa yashi, mahautan da suka san sunan suna ta ƙarewa, jikokinsa sun san shi a hoto da babbar riga, ba su san shi da taɓo ba. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya yafe wa ƙaninsa abin da shi bai samu damar yafewa ba. Na aikin hannunsa kuwa, abin da ya rage mai sauran kwana a gaba guda ɗaya ne, kuma ba a hannunmu yake ba.

Jiya na kira Hamadu. Ya ce maraƙin ya iso lafiya, ya ɗan rame amma yana cin ciyawa. Na yi hamdala. Ya ce mutane sun yi ta zuwa kallo, jan nan ya burge su, har mutum biyu sun tambaya ko na sayarwa ne. Na ce masa, Hamadu, ka dai tuna abin da goggonka ta ce. Ina jin kukan shanu a bayansa.

"Na tuna, Baffa," ya ce. "Bari dai mu ga rani."